Ranar da Malam Tanko Ya Sa wa Rigar 'Yan Sin Sitaci

Nura ne ya tayar da maganar, wata Juma'a a ɗakinsu na unguwar Najma a nan Doha, muna cin shinkafa bayan an sauko daga masallaci. Shi mai gadi ne a wani kanti, tsayuwa ta ishe shi. Ya ce, "Baba Lawal, wallahi kai ka more. Guga ai kowa ya iya, ka jona wuta ka yi ta shafa." Sauran samarin suka kwashe da dariya. Ni ma na taya su, amma idona na kan wuyan rigar aikinsa, wanda ya yi ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa saboda zafin dutsen guga. Na ce to, ku gama cin abincinku, yau sai kun ji.

Aikina na farko a wannan sana'a hura gawayi ne. A Fagge na koya, a shagon Malam Tanko, kuma na daɗe ina hura wa dutsen guga wuta kafin a bar ni in ɗora shi a kan ko da hankici. Malam yana lasar yatsa ya ɗan taɓa gindin dutsen, daga ƙarar da ya ji ya san ko na shadda ne, ko na yadi mai roba. Daga nan aka koya mini ninki, sai wankin hula, sai sa bula yadda fari zai fito ba tare da ya koma shuɗi ba. Sitaci shi ne na ƙarshe, don a wurin Malam nan martabar sana'ar take. Garin rogo yake damawa da ruwan sanyi, ya kwarara tafasasshen ruwa yana juyawa har ya yi haske, ya tace a tsumma, kuma ba ya yarda kowa ya yi masa magana yana cikin yi.

Yana da wata ɗabi'a da sai kun riƙe ta za ku gane sauran labarin. Kun san yadda mai tumatir ke ƙara maka biyu a kai ya ce ga gyara. To, gyaran Malam sitaci ne. In ya ga girmanka, ko ba ka ce a sa ba zai sa maka, kuma ba zai karɓi ko sisi a kai ba. A ganinsa, ka miƙa wa mutumin kirki riga lagwai-lagwai raini ne.

Shi ya fara zuwa Doha, daga baya ya jawo ni. Shagonmu yana unguwar Bin Omran, tsakanin mai shayi ɗan Nefal da wani mai gyaran waya, kafil ɗinmu kuwa, wato mai shagon da ya tsaya mana a takardun zama, wani dattijo ne da ake kira Abu Fahad. A garin nan Malam ya samu mutanen da suka san darajarsa. Balaraben ƙasar nan yana son farin mayafin kansa, gutra, ya tsaya ƙyam da kari a goshi, kuma in ka ba shi wanda ya langaɓe ba zai yi faɗa ba, sai dai ba za ka ƙara ganin motarsa ba. Gutrar da ta fito daga hannun Malam kuwa ko iska sai ta nemi izini kafin ta kaɗa ta. Muna yi wa 'yan Sudan rawunansu, 'yan Indiya rigunan ofis, ma'aikatan jinya 'yan Filifin kayan asibiti, kowa da irin zafin da kayansa ke so da irin ƙorafinsa.

Sai shekarar annoba ta zo. Ku da kuka zo bayanta ba za ku gane ba: gari ya yi tsit, kowa na gida da singileti, ba mai ɓata kaya balle ya kawo wanki. Mun wuni muna goge teburin guga da ba a yi aiki a kansa ba. Abokan aikinmu 'yan Bangaladash suka koma ƙasarsu. Da aka buɗe gari kuma sai ga manyan kamfanonin wanki, ka taɓa waya su zo har ƙofa su ɗauka. Abu Fahad mutumin kirki ne, amma ya faɗa mini a fili cewa shagon mutum ɗaya yake iya riƙewa yanzu, Hajji, wato Malam, ya tsufa, in ba a samu wani babban aiki ba, ba zai sabunta masa iƙama ba, wato takardar zama. Malam ya ji. Ba komawa gida ce ta dame shi ba, a ce an sallame shi ne. Mutumin da ya yaye masu guga rututu a Fagge, ya sauka a Kano a matsayin wanda aka ce ya tattara kayansa, wannan ne ya hana shi cin abinci.

Babban aikin kuwa a cikin wata farar mota ya zo, da hantsi. Direban Bakatsine ne, ya leƙo ya ce, "Malam, ga baƙi na kawo muku, na ce musu duk Doha babu kamarku, kada ku ba ni kunya." Wata 'yar ƙaramar mata 'yar Sin ta sauko, da tabarau da tef ɗin awo a wuya. Madam Lin ake ce mata, ita ce mai kula da tufafin wasu 'yan wasa da za su yi ofera a wani babban zaure. Kayansu sun zo a akwatuna, sun yamutse, suna warin danshi.

Ofera, in ba ku sani ba, wasan kwaikwayo ne da ba a magana a cikinsa, komai da waƙa ake faɗa. Ko ruwa mutum zai roƙa sai ya buɗe maƙogwaro kamar ana zare masa haƙori. Wannan kuma haɗin gambiza ce. Labarin na mutanen Sin ne na zamanin da, amma mai fitowa a sarkin wani ƙaton Bature ne ɗan Italiya, jakadan sarki Bamisre, matar jakadan 'yar Sin, ana waƙar da Sinanci da Larabci da Turanci. A cikin makaɗan ga mai molon Larabawa, ga mai wani ɗan goge na Sin mai tsirkiya biyu da in ka rufe ido sai ka rantse kukuma ce. Labarin shi ne sarki ya aiki jakadansa yamma neman abokan ƙawance da dawakai, makiyaya suka kama shi a hanya suka riƙe shekara da shekaru, matarsa na gida tana jira.

Rigar matar jakadan ce ta tsayar da mu. Siliki ce ruwan ganye, amma a bakin kowane hannu an ɗinka wani farin siliki da ya fi sallaya tsawo. Malam ya ɗaga ya duba, ya ce, "Lawal, telan nan ko dai yadi ne ya yi masa yawa, ko kuwa matar hannunta har ƙasa yake." Madam Lin ta nuna mana da hannu da ɗan Turancin da muke tsinta cewa a fitar da yamutsin kawai, a kiyaye zafi. Ba ta ce kada a sa sitaci ba. Daga baya na gane ko a mafarki ba ta taɓa zaton akwai ɗan Adam da zai yi tunanin haka ba.

Abu Fahad da ya ji labari ya zo da kansa, ya ce in aikin nan ya yi kyau, zauren zai riƙa ba mu wankinsa, Hajji kuma ya zauna. Muka duƙufa. Rigunan sojoji, alkyabbar sarki mai dodanni na zaren gwal, duk da tururi muka bi su, muna ɗora farin ƙyalle a kai kafin dutse ya sauka. Ranar da za a kai kayan, na tafi kasuwar Souq Waqif kai wa wani gidan abinci rigunan ma'aikatansu, na bar Malam da rigar matar jakada ita kaɗai. Da na dawo na tarar ya gama, ya sa a leda, yana ta murmushi shi kaɗai. Na ji ƙanshin sitaci, to amma shagonmu kullum ƙanshinsa ke nan. A mota ne ya ce mini, "Baiwar Allah ta taso tun daga Sin, a ce ta koma ba ta ga gyaranmu ba? Ai da kunya." Na so in buɗe ledar in duba, amma mun riga mun iso.

Da la'asar ake gwajin wasan da cikakkun kaya. Madam Lin na can tana fama da hular sarki, ta ce mu tsaya gefen dandamali ko za a buƙaci dutse. Mawaƙiyar da ke matar jakada ta makara a cunkoson hanya, ta shigo da gudu, aka zura mata rigar a tsaye. Malam ya kalmashe mata fararen hannayen nan daki-daki a wuyan hannu, kowane kari kamar wuƙa. Na ga ta taɓa ta yamutsa fuska, amma kiɗa ya riga ya iso wurinta, aka tura ta ciki.

Wurin da take zuwa gaban sarki ne tana roƙon labarin mijinta. Ta durƙusa, ta ja wata murya siririya har sai da tsigar jikina ta tashi, ɗan gogen nan yana bin ta a baya. Sai ta miƙe ta wurga hannun dama. Jama'a, ƙarar da ya yi sai ka ce an buɗe sabuwar lema. Hannun rigar ya miƙe sambal, ya ƙi saukowa, bakinsa ya doki hular sarki, duwatsun adon da ke reto a gabanta suka watse a dandamali. Ta wurga na hagu, shi kuma ya ƙi buɗewa sam, ya tsaya a dunƙule. Ta girgiza, ta sake girgizawa, kuma duk wannan ba ta daina waƙar ba.

Ƙaton Baturen nan ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya buɗe baki zai amsa mata a matsayinsa na sarkin Sin, hula a karkace, sai murya ta ƙi, dariya ta ƙwace masa, ya zauna daɓas a kan karagar yana riƙe ciki. Mai busa ƙaho ya fesa wata ƙara marar kan gado. Sojojin sarki suka jingina da masun yaƙinsu suna hawaye. Mai ba da hannu ga makaɗa ya kifa kai a kan teburinsa, kafaɗunsa na rawa. Ni kaina na cusa hula a baki. Malam kuwa ya zungure ni da gwiwar hannu, fuskarsa fal farin ciki, ya ce, "Ka ga kari, Lawal? Ko motsi bai yi ba."

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Madam Lin ta hau dandamali, ta kama hannun rigar, ta lanƙwasa shi ya yi ƙara, ta juyo ta dube mu ta saman tabarau. Nan dariyata ta tsaya. Kafin mu ankara an kira Abu Fahad, ya iso yana huci, ya ce, "Khalas ya Hajji, khalas. Ka haɗa kayanka." Malam ya dube ni yana neman bayani, don har lokacin bai san laifinsa ba. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a wannan tsayuwar ba.

Madam Lin ta tambaye ni dalili. Na tattaro Turancina kaf, na haɗa da hannu da ƙafa, na ce a garinmu in ka girmama mai sayayya sai ka ƙara masa abin da bai biya ba, wannan tsohon kuma abin da ya fi ƙauna a duniya ne ya ƙara mata. Ta dubi Malam. Sai ta buɗe wani akwati ta ciro tsofaffin hannayen riga na gwaji, ta zura, ta ce wa Malam ya zauna a kan akwatin. Ta ɗaga ɗaya ta rufe rabin fuska, ta ce wannan kunya ce. Ta kai shi kusa da ido tana ɗan karkaɗawa, ta ce kuka. Ta yarfar da shi gefe, ta ce tafi ka ba ni wuri. Ta wurga duka biyun sama suka sauko a hankali kamar hayaƙi, ta ce wannan shi ne na daɗe ina jiranka.

Malam ya bi hannayen rigar da kallo. Can ya ce, "Ashe da hannun rigar take magana. Lawal, bakinta na ɗaure." Ya miƙe ya cire hularsa a gaban matar nan, abin da ban taɓa gani ya yi wa kowa ba. Ita kuma ta juya wurin Abu Fahad ta ce ya dakata tukuna, akwai gwaji na ƙarshe gobe, in rigar ta dawo daidai ita ba ta da ƙara.

Cire sitaci daga siliki ya fi sa shi wuya, ku riƙe wannan. Ba a cuɗawa, ba a matsewa, ba a kai shi rana. Ruwa mai ɗumi-ɗumi muka yi ta sauyawa a baho, Malam na lallaɓa ƙyallen da tafin hannu har ruwan ya daina yauƙi. A ɗaurayar ƙarshe ya ɗiga ruwan khal kaɗan. Muka naɗe a tawul, muka shanya a inuwa, da sauran danshi ya bi bayansa da dutse mai sanyin zafi, ba kari ko ɗaya. Na ga hannunsa na ƙaiƙayin ya kafa kari, yana hana kansa.

Da safe ya ce ba zai kai ba sai ya gwada. Dattijo da furfura har ƙirji ya zura hannayen rigar matar jakada, ya tsaya tsakiyar shago yana wurgawa. "Lawal, ya yi kuka?" Na ce da saura, Malam, wannan kamar mura ce. Ya sake shafawa da tururi, ya sake wurgawa, ya rufe rabin fuska yana kunya. Mai shayi ɗan Nefal ya bar tukunyarsa a wuta ya zo ya manne a gilashi, mai gyaran waya ya fito, wani Basudane da ya zo karɓar rawaninsa ya zauna a ƙasa don dariya. Malam ko a jikinsa. Sai da ƙyallen ya sauko masa a kafaɗa shiru, babu ko ƙara, sannan ya ce a sa a leda.

A gwajin ƙarshe mun tsaya a wurinmu na jiya, Abu Fahad na zaune can baya. Baturen sarki da ya hango Malam sai ya dafe hularsa da hannu biyu, aka sake 'yar dariya. Daga nan wasa ya kankama, muka kalla har ƙarshe. Jakadan ya dawo ya tsufa, babu dawakai, babu rundunar da ya tafi da ita, sai 'yar jaka da irin inabi a ciki. Matarsa ta fito ba ta gane shi ba. Ya yi mata waƙa da Larabci, ta amsa da Sinanci, molo da ɗan goge suka haɗu. Sai ta wurga fararen hannayen nan biyu sama, suka buɗe, suka sauko sannu-sannu suka kwanta a kafaɗunsa. Zauren ya yi tsit. Madam Lin ta waiwayo ta ɗaga wa Malam babban yatsa.

Abu Fahad ya same mu a bakin mota yana fara'a, ya ce, "Mabruk ya Hajji, gobe ka kawo fasfo a sabunta." Na yi hamdala a fili, har na rungume direba Bakatsine. A hanya, da muka kusa Bin Omran, Malam ya ce, "Lawal, jakadan nan shekara nawa ya yi bai koma ba?" Na ce an ce goma da wani abu. Ya ce, "Na fi shi. Shi kuma kama shi aka yi." Washegari ya je wurin Abu Fahad da fasfonsa, ya yi masa godiya, ya ce a bar sabuntawar, zai gama aikin 'yan Sin ya tafi gida da ƙafarsa. Abu Fahad ya yi ta roƙonsa ya zauna, kuma na lura Malam bai katse shi da wuri ba, sai da ya ji roƙon ya ishe shi.

Babbar rigar da ya sa ranar tafiya ni na yi mata sitaci, na kuma zuba gyara ban tausaya ba. Sai da muka karkata shi kafin ya shiga mota, ya zauna a miƙe har filin jirgi yana ce mini hannuna ya fara faɗawa. Ya bar mini tsohon dutsen gawayinsa da ya taho da shi daga Fagge, yana nan a kan kanta har yau. A jakarsa kuma akwai tsofaffin hannayen rigar nan na gwaji, Madam Lin ta ba shi ya kai wa mai ɗakinsa.

Da na kawo nan Nura ya shafa wuyan rigarsa, ya ce, "To Baba Lawal, wannan tana gyaruwa?" Na ce ta ƙone, sai dai ta gaba, ka kawo ta shago in nuna maka. Ya ce to ita tsohuwar, mai ɗakin Malam, ta yi masa irin na matar jakada da ya isa?

Ni ma abin da na tambayi Malam ke nan da ya kira ni bayan ya huta. Ya yi dariya har da tari. Ya ce da ya shiga gida tsintsiya ce a hannunta, ta yar da ita, ta tsaya tana kallonsa, ta ce ya rame. Da ya ba ta tsarabar ta juya ta, ta ce yadin mai kyau ne, zai yi ɗankwali biyu, sai dai ya cika laushi, ya ɗan sa masa sitaci.

Na ce, "To ka sa, Malam?"

Ya ce, "Na ce mata duk kayan gidan nan ki kawo in sa musu. Wannan kam a bar shi yadda yake."